Ranar Da Aka Saita Igwa A Kan Kwarin Tama

Ku gyara zama, yau na zo muku da abin gardama, kuma ba mai tashi sai ya faɗi ra'ayinsa.

Lokacin da Turawa suka fara shigowa ƙasar nan, akwai wani gari mai ganuwa, Kwarin Tama, garin maƙera. Al'adarsu, in aka hura wutar narka tama sai a rufe ƙofar gari, baƙo ba ya shiga sai ƙarfe ya fito. Sun yi imani ƙafar baƙo a irin wannan lokaci annoba take jawowa. Ana cikin haka sai ga wani Bature da sojojinsa. Ya tarar da ƙofa a garƙame, ga hayaƙi, ga ƙarar zugazugi. Shi kuwa gogan naku komai ya gani yaƙi ne, ya ce makamai ake ƙerawa. Ya sa aka saita igwa, ya ce in rana ta take ba a buɗe ba, a rushe garin.

Masu leƙe ta kan ganuwa dariya suke ta yi, wai baƙi sun jawo turmi mai ƙafafu. Wani mutum mai suna Jatau ne kaɗai bai yi dariya ba. Ya taɓa yi wa Turawa dako, ya ga abin da irin wannan turmi ya yi wa wani gari. Ya bi gida-gida yana kururuwa. Aka ce ya zautu, yayansa ma ya kwaɗa masa mari don ya ja wa gidansu abin kunya. Bai yi shiru ba sai da dattawa suka yarda.

An yarda, amma dattawa kun san su, shawara suka zauna yi, rana tana tafiya. Sai Iya Kande, wata tsohuwa mai sayar da daddawa, ta ce, "Al'ada baƙo ta hana shigowa, ba ta hana ni fita ba." Aka zura ta da igiya ta kan ganuwa, aka zuro mata tulun ruwa. Ta je ta zauna daram a bakin igwa.

Wani sajan cikin sojojin, wanda yake jin Hausa, ya ce, "Iya, don Allah ki tashi!"

Ta ce, "Ɗan nan, sha ruwa tukuna. Ka gaya wa ubangidanka garma muke ƙerawa."

Bature ya ƙara wa'adi zuwa la'asar, amma ya ce sai ya gani da idonsa.

Saura babbar matsala. Ƙarfe ba zai fito ba sai gobe, kuma ba mai taɓa ƙofa muddin wuta na ci. Barmo, Sarkin Maƙera, ya tsaya ya daɗe yana kallon murhun da kakansa ya gina. Sai ya ɗaga masaba ya fasa shi. Tamar shekara guda ta lalace, wuta ta cinye masa hannun dama, bai sake ƙira ba har ya bar duniya. Amma wuta ta mutu, hani ya faɗi, aka buɗe ƙofa ba tare da an karya al'ada ba.

Bature ya shiga ya duba ko'ina, garemani ya gani da lauje. Ya sa aka juya igwa. Wayyo, daɗi! Mata suka rangaɗa guɗa, maza suka zube ƙasa suna hamdala. Ko kaza ba ta mutu ba. Daminar nan da aron garma aka yi noma, ba wanda ya yi ƙorafi.

Shekaru suka shuɗe, Turawa suka tattara za su tafi. Ranar samun 'yancin kai aka ce a ɗaga sabuwar tuta a Kwarin Tama, igiya ɗaya ce, hannu ɗaya zai ja ta. Jikan Jatau ya ce ba don kakansa ba, da ana dariya za a mutu. Jikar Iya Kande ta ce ba don kakarta ba, da rana ta take musu. Jikan Barmo ya ce ba don kakansa ba, da la'asar ta same su a rufe.

To, jama'a, ku da kuka ji komai, wa za ku miƙa wa igiyar nan?