Bidiyon da ya Yanke a kan "Ban Yafe"

Ku kife wayoyin nan ku saurare ni. Wanda bai ji farko ba, kada ya buɗe mini baki a ƙarshe.

Akwai wani direban babbar mota, Hambali. Ya sayar da gonar ubansa ya shiga harkar mota, uwarsa Iya Kande ta hana, bai hanu ba. Ranar da zai tafi kudu ta ce masa, "Je ka, kada in ƙara ganin ƙeyarka." Ba ta ƙara gani ba kuwa. Yana can ciwon ajali ya kama ta.

Maƙwabcinsu Nalado, abokin Hambali tun suna yara, shi ya yi jinyarta. Da ta ji jiki ya ƙi, ta ce ya ɗauke ta a waya, tana da saƙo. 'Yan'uwa suka taso masa, wai wane marar imani ne zai ɗauki hoton mai shirin mutuwa? Nalado ya toshe kunne. Ya jingina 'yar tsohuwar wayarsa a jikin kwano, Iya ta ce, "Fita, maganar uwa da ɗa ce." Ya fita. Bayan rasuwarta wayar ta faɗa a bokitin wanki ta mutu, amma ya zare memori ya adana.

Hambali ya iso ana zaman makoki. Aka sa memorin a wayarsa, bidiyo ya ƙi buɗewa, wai irin na da ne, sai an juya shi zuwa irin da wayoyin yanzu ke karantawa. Nalado ya ruga shagon Tukur, mai tura wa mutane fina-finai a bakin kasuwa. Tukur ya sa a kwamfuta, manhajar juyawa ta kama aiki, ta yi nisa, sai ta sandare, ta rufe kanta. Ya sake, ta sake ɗaukewa. Ta dai tofo wani guntu. Nalado sarkin gaggawa bai tsaya ya kalla ba, ya karɓe ya koma, ya kunna a tsakiyar jama'a.

Ga Iya a kwance, ido ya faɗa. Ta ce, "Ka ji ni da kyau. Ban yafe..." Sai baƙi ƙirin.

Wurin ya ɗauki salati. Wata tsohuwa ta saki kwanon da ke hannunta. Liman kansa ya kasa haɗa ido da kowa. Hambali ya miƙe kamar zai yi magana, ya zube. Da ya farfaɗo ya daina ci, ya daina magana, mutanen da ke gefensa a tabarma suka riƙa janye jiki, don ba mai son zama kusa da wanda uwa ta tafi da fushinsa.

To, a nan Laminu mahauci ya shigo, wan matar Hambali, ƙato ne mai taurin kai. Shi ya cafko Hambali a bakin titi yana shirin shiga gaban tirela. Ya kulle shi a ɗaki, ya bar teburin namansa ya tare a bakin ƙofa. Kunu ma sai ya danne shi yake ɗura masa. Hambali ya ce, "Ka bar ni in bi ta." Laminu ya ce, "Ka bi ta ka ce mata me? Sha, don ubanka."

Shi kuwa Tukur, da labari ya kai masa, ya ce injinsa ne ya yanke wa tsohuwa magana. Ya duba, ya ga bidiyon ainihi da ya rage a kwamfutarsa ya fi guntun tsawo nesa ba kusa ba. Ya canja manhaja, ta mutu a daidai wurin. Kwamfutar ta ce ta cika, ya goge fina-finansa kaf, abin da yake ci da shi ke nan, don ya ba ta wuri. Duk da haka ta mutu. Can ya lura kullum a gaɓa ɗaya take faɗuwa, ashe kira ne ya shigo wayar Nalado lokacin da Iya ke cikin magana, ya raunata hoton a wurin. Sai ya raba murya da hoto, ya juya kowanne daban, ya tsallake inda hoton ya lalace, ya mayar ya haɗa. Muryar ba abin da ya same ta. Da ya saurara, ya fito shago ba takalmi, ya ruga ya kai labari.

Amma Hambali ya rantse ba zai sake kallo ba. Laminu bai tsaya lallashi ba, ya saɓa shi a kafaɗa kamar buhun gero, ya ratsa kasuwa da shi ana kallo, ya dire shi gaban kwamfuta, ya riƙe masa kai.

Iya ta ce, "Ka ji ni da kyau. Ban yafe wa kaina maganar da na faɗa maka ba. Kai kam na yafe maka duniya da lahira, Hambali."

Ku sani, ɗan fari ne. Tun da ta haife shi bakinta bai taɓa kama sunansa ba sai ran nan. Masu leƙe ta taga suka dafe kai. Hambali ya yi kuka har ya shiɗe, da ya tashi ya ce a ba shi tuwo.

Ba a jima ba matarsa ta haifi namiji. Hambali ya ce sunan ɗayan ukun nan zai sa wa yaron, kuma yaro ba ya ɗaukar takwara uku. Nalado ya jawo masifa da gaggawarsa, amma ba don shi ba, da maganar ta bi Iya kabari. Injin Tukur ne ya yanke zancen, kuma shi ya ɗinke shi. Laminu ko kunna kwamfuta bai iya ba, amma ba don shi ba, da sai dai a kunna wa gawa.

Wanzami ya zo, rago na ɗaure, liman na jira a raɗa masa suna. To, ku faɗa mini: sunan wa za a raɗa?