Yadda Inna Malmo Ta Fara Ba da Riƙon 'Ya'yanta

Dalilin da ya sa itatuwan kurmin kan dutse suke a cakuɗe, da wuya ku ga iri ɗaya sun jeru, labari ne na uwa da 'ya'yanta. Ku matso ku ji.

Da can unguwa-unguwa suke zaune: ɓaure da danginsa, maɗaci da nasa. Amma duk dutsen babu mai ƙyamar bare kamar Inna Malmo. Ɗan da ta zubar duk, a gindinta zai tsira, reshe na taɓa reshe. Ko gaisuwar maƙwabta sai ta ga dama take amsawa.

Wata rana Cilakowa, tsuntsuwar nan mai dogon baki, ta faki idonta ta cafke 'ya ɗaya ta tashi. Inna Malmo ta bi ta da baki: "Ɓarauniya! Allah ya isa tsakanina da ke!"

Ana nan, wata damina sai ga tsutsa, wadda ba ta cin komai sai ganyen malmo. Ba ta ko sha wahalar tafiya ba, daga wannan reshe sai ta gangara wancan. Inna Malmo na ji na gani 'ya'yanta suka bushe ɗaya bayan ɗaya. Ta rage ita kaɗai, tsofai-tsofai da ita, tana kukan zuri'arta ta ƙare.

Sai ga Cilakowa ta sauka a busasshen reshenta.

"Kin zo dariya ko?" in ji Inna Malmo.

"Haba Inna, albishir na kawo. 'Yarki da na ɗauka, tsokar kawai na ci, ƙwallon na yar a bayan dutse, tsakanin Baba Maɗaci da Goggo Ɓaure. Tana nan koriya shar."

"Tsutsar fa?"

"Ta nufe ta. A hanya ta gatsi ganyen Baba Maɗaci, ɗaci ya gigita ta, ta juya ba ta ko waiwaya ba."

Inna Malmo ta sauke wata ajiyar zuciya da sai da saiwoyinta suka motsa. Daɗi ya kama ta, kunya ma ta kama ta. Ashe baren da ba ta amsa wa gaisuwa ne suka goya mata 'ya!

"Na janye Allah ya isa, 'yar nan," ta ce. "In na sake haihuwa, tsokar taki ce. Ƙwallon kuwa ki kai min riƙo nesa, kada ki haɗa biyu a gida ɗaya."

Da sauran itatuwa suka ji, kowa ya nemi mai kai masa nasa: wani biri, wani jemage, wani iska.

Shi ya sa har yau kurmin yake a cakuɗe. In kun ga mai gatari ya nufi wani itace yana cewa wannan ba shi da amfani, ku ce masa ya dakata. Wataƙila ɗan wata yake goyo.