Gilashin Mama Rahila

Akwai wani direba a Riyadh mai suna Ridwan, ɗan wani ƙauye kusa da Malumfashi. Kafin ya musulunta Ɗanladi ake kiransa. Mahaifiyarsa, Mama Rahila, Kirista ce, kuma tun ranar da ya faɗa mata ya sauya addini ba ta ƙara ɗaga wayarsa ba. Shekara huɗu ke nan.

Duk Kirsimeti yana aika mata tsaraba, ita kuma tana mayar wa ɗan saƙon da kayansa. Shekarar farko baƙar abaya ce da dabino. Ta biyu ruwan zamzam da carbi. Ku ji fa, carbi! Ta uku darduma mai laushi, wai ta riƙa zama a kai. Shi a ganinsa abin da kowane mazaunin Saudiyya ke aikawa gida ke nan. Ita kuwa wa'azi take gani an ƙunsa a leda.

A bana sai ƙanwarsa Rifkatu ta kira shi tana kuka.

"Yaya, hawan jinin Mama ya tashi, sau biyu tana faɗuwa. Ta ce in ka sake aiko da irin kayan nan kada ma a shigo da su gidan. Ni tsorona kada ta tafi ba ku yi magana ba."

Hankalinsa ya tashi. Ya roƙi kafil ɗinsa, Balaraben da yake wa tuƙi, ya ba shi hutu. Mutumin ya ce sai bayan wata takwas, khalas, magana ta ƙare. Hanya ɗaya ta rage, ya sake aika tsaraba: abokinsa Sha'aban zai tashi zuwa Kano ranar Asabar, ga shi yau Juma'a.

Ana idar da salla ya faɗa kasuwa kamar wanda aka koro. Ya ɗauki turare ya ajiye. Ya ɗauki sarƙa ya ajiye. Duk abin da ya taɓa sai ya hango shi yana dawowa a ledarsa. Wallahi abin tausayi, ƙato da gemu yana zagaye shaguna idonsa jajir.

Da la'asar ya zube a wurin Hajiya Hansai, dattijuwar da ke sayar wa Hausawa tuwo a unguwar Gubaira. Ya sa abinci a gaba ya kasa kai loma.

"Ɗana, tuwon ne ya yi maka laifi?" ta tambaye shi.

Ya kwashe labari ya faɗa mata. Sai ta ce, "In uwarka ta tashi da safe, me hannunta yake fara ɗauka?"

"Littafinta Mai Tsarki. Ita ce ma ke karatu a coci duk ranar Kirsimeti, ta fi shekara ashirin."

"Har yanzu?"

Bai sani ba. Kunya ta rufe shi, nan take ya kira Rifkatu.

"Ai idonta ya dushe, Yaya," in ji Rifkatu. "Riƙe littafin kawai take yi a rufe. Bana ma wata za a ba karatun, ranar da aka faɗa mata ko abinci ba ta ci ba."

Ridwan ya tuna wani gilashin ƙara girman rubutu, mai hannu da 'yar fitila, da tsohon kafil ɗinsa ke karanta jarida da shi. Ya miƙe zumbur, sai kuma ya tsaya.

"Amma Hajiya, ni in saya mata abin karanta littafinta?"

"Uwarka ce ko ba uwarka ba? Sai ta bi ka masallaci za ka kyautata mata? Yalla, tafi kafin su rufe."

Sai a shago na biyar ya same shi. Ya naɗe shi da kansa, ya sa 'yar takarda: "Mama, ki yi karatunki. Ɗanladi."

Sha'aban ya tafi da shi. Kwana biyar ba labari. Ridwan ya daina buɗe saƙonni don kada ya ga an ce ta mayar.

Ranar Kirsimeti a Riyadh ranar aiki ce kamar kullum. Yana zaune a mota a unguwar Al-Naseem yana jiran matar kafil ta fito daga kanti, wayarsa ta yi ƙara. Lambar Rifkatu ce. Gabansa ya faɗi, ya ɗauka.

Ba muryar Rifkatu ba ce.

"Ɗanladi."

Muryar Mama ce.

"Na yi karatu yau a coci da gilashinka. Ko kuskure ɗaya ban yi ba. Ka ci abinci kuwa?"

Ya kifa kansa a sitiyari yana kuka, har matar kafil ta ƙwanƙwasa gilashin motar sau uku bai ji ba.

Darasi: Kafin ka saya wa mutum kyauta, ka fara sanin halin da yake ciki. Ka ba shi abin da yake bukata, ba abin da kake so ya zama ba. Ku tura wa wanda ya daɗe bai ji muryar mahaifiyarsa ba.