Jar Fitilar Motar Mijin Rahila

Akwai wani mutum, mai wa'azin ƙauye, da yake da tsohuwar bas. Ya cire kujerun baya ya sa gado da risho, matarsa Rahila kuwa ta ɗinka mata labule. Shekara ashirin suna yawon bishara a cikinta, inda rana ta faɗi nan ne gida. Irin motocin da ne, ƙarfe zalla, ba gwangwanin yanzu ba.

Bayan Rahila ta rasu, sai ya kama hanyar ƙauyen su Rahila don ya gai da uwarta. Bai yi nisa ba jar fitila ta kama, mai cewa inji ya yi zafi. Ya tsorata ya juya gida. Ya sake gwadawa, ta sake kamawa. Sai ya jingine motar gindin mangwaro, shekara uku bai je ba. A ƙarshe ya kira masu sayen tsohon ƙarfe.

Tanimu, tsohon bakanikensa, ya ji labari ya zo. Ya tuƙa ta cikin gargada har fitilar ta kama, ya buɗe injin, ya ɗora hannu.

Ya ce, "Malam, ka taɓa taɓa shi kuwa?"

"Fitila ta ce da zafi."

"Fitila ta ce! Ɗuminsa daidai ne. Gyaɗar da Mama Rahila take ɓoyewa ƙarƙashin kujera, ita ta kawo ɓera, ɓera ya ci bayan waya. Da ka faɗa rami sai wayar ta taɓa ƙarfe, fitila ta kama."

"To, cire ƙwan fitilar in huta."

"Ran da zafin gaske ya zo, wa zai gaya maka?" Tanimu ya naɗe wayar, ya bar ƙwan.

Mutumin ya isa ƙauye. Tsohuwa, uwar Rahila, ta shafa labulen ta ce, "Ɗana, na ɗauka ka binne ni tare da ita."

Ga ma'anar misalin nan, ku buɗe kunne. Fitilar nan zuciyarka ce. Ɗan'uwa ya wuce ka a ƙofar ikilisiya bai gaishe ka ba, ta kama ja, ka ce yana fushi da kai. Ka tambaye shi? Ba ka tambaya ba, ka jingine zumunci. Kada ka kashe zuciyar, Ubangiji ne ya sa ta. Amma ka je ka ɗora hannu, tun tsohuwar tana da rai.