Sunan da Sarki Ferchar Ya Goge

Ku yi haƙuri da rubutuna, ban iya tsara zance ba, kuma a ɓoye nake yi a bayan littafin makaranta. Kakata ce ta ba ni labarin nan tun kafin ta fara mantuwa.

A zamanin da an yi wani sarki a tsibirinmu, sunansa Ferchar. Ba mugu ba ne, amma ya tsani a yi masa dariya. Abin kunyarsa ɗaya ne, kakansa Ewen, wanda ranar da jiragen maƙiya suka sauka ya shige gangar kifin gishiri ya ɓuya har aka gama yaƙi. Ewen na Ganga ake ce masa.

A wurinmu kuwa ba a zama sarki sai an hau dutsen sarauta, mai jero asali ya kira kakanni ɗaya bayan ɗaya har kan Sorley Babba. Duk shekara ana maimaitawa ranar taron ƙasa. Da tsoho Gilcrist, mai jero asalin, ya ce, "Ferchar ɗan Dugal, ɗan Ewen, ɗan Sorley," sai wani a baya ya yi tari, wani ya toshe hanci.

Ferchar ya gaji. Ya kira tsohon ya ce, "Daga bana ka tsallake Ewen."

"Ranka ya daɗe, in na tsallake shi ta ina babanka ya zo duniya? Teku ce ta watso shi?"

"Ban tambaye ka ba."

Matarsa Mairead ta ɗago daga saƙarta. "Maigida, warin kifi ne fa kawai. Shekara sittin, ai ya ci a ce ya fita."

Bai yi dariya ba. Ya je coci ya dafa akwatin ƙasusuwan waliyyi, ya rantse Dugal ɗan Sorley ne kai tsaye. Ya kuma sa doka, duk wanda ya ambaci Ewen a ƙwace masa saniya. An ƙwace da yawa kafin bakuna suka mutu.

Shekara ashirin da biyar suka wuce. Gilcrist ya rasu, wanda ya gaje shi gajeren asalin kawai ya koya. Ferchar ya tsufa, gwiwa ta ƙi, doki ma sai an ɗora shi. Buri ɗaya ya rage masa, ya ga ɗansa Lachlan a kan dutsen kafin ya mutu.

Ranar taron ana yayyafi. Lachlan ya ɗora ƙafa ɗaya a dutsen, an jero asali, babu mai tari. Sai Torkil ya miƙe ya fuskanci Ferchar, jikan ƙanen Ewen ne.

"Yaya, a dakata tukuna. A gidanmu ba mu taɓa rage kowa ba. Sorley 'ya'ya uku ya haifa: babban da aka hana mu faɗa, sai Colla, sai kakana Ranald. Ina Dugal a ciki?"

Ferchar ya dubi dattawan da suka san gaskiya, kowa ya sunkuyar da kai. Rabinsu ya taɓa raba su da saniya.

Ya dafa sanda ya miƙe da ƙyar. "Dugal ɗan Ewen ne! Kowa ya sani!"

Wata tsohuwa ta ɗaga murya daga baya, "Ya faɗa! A ƙwace saniyarsa!"

Aka fashe da dariya, irin wadda ya yi shekara ashirin da biyar yana gudu.

Torkil bai yi ba. Ya ce, "To zaɓi ɗaya, yaya. Ko Dugal ba jinin Sorley ba ne, ko kuma ƙarya ka rantse a kan waliyyi. Ko wanne ne, gidanka ba ya hawa dutsen nan."

Lachlan ya juyo, ƙafarsa tana kan dutsen har lokacin. Bayan dokar aka haife shi. A hankali ya ce, "Baba, wane ne Ewen?"

Ferchar ya kau da kai. Yaron ya sauke ƙafarsa da kansa.

Kafin yayyafin ya tsaya an ɗora Torkil. A gida Mairead ta ajiye wa mijinta gurasa da kifin gishiri, don shi ake da shi. Ya daɗe yana kallon kwanon, sannan ya ci.

Darasin shi ne, kada ka goge wani daga asalinka don yana ba ka kunya. Ta hanyarsa ka zo, ta hanyarsa 'ya'yanka za su samu abin da yake nasu. Da Ferchar ya jure tarin mutane sau ɗaya a shekara, da ɗansa ya yi sarauta. Ni ma akwai kawuna da ba a ambatonsa a gidanmu, kuma jiya na tambayi Mama, sai ta... tana kirana, bari in