Teburin Gefen Murhu

Crispin Ashworth ba mugu ba ne, ba kuma marowaci ba. Aibinsa ɗaya ne: yakan yi alkawari ya wuce, ba ya waiwayar wanda ya bari yana jira.

Shekarata tara ina aiki a Zalɓe, gidan abincin ƙauyenmu da ke cikin kwarurrukan Yorkshire. Ni ke ɗaukar waya ina raba tebura. Tebur goma sha huɗu gare mu, ran Lahadi kuwa har daga birane ake tuƙo mota don gasasshen naman shanu da dankali da romo. Sai mutum ya kama wuri tun da saura mako uku. Ran Alhamis Hazel mai girki take faɗa wa mahauci yawan naman da take so, gwargwadon bakunan da na ba ta.

Dabarar Crispin ita ce ya kama tebur a gidajen abinci uku na kwarin a rana ɗaya. In Lahadi ta yi sai ya dubi sama, ya zaɓi inda ransa ya so, sauran biyun su yi ta jira. Sau uku yana yi mana haka. A na ukun tebur na mutum takwas ya zauna babu kowa, alhali mun mayar da mutane daga ƙofa ana yayyafi. Na buga masa waya.

"Haba baiwar Allah, tebur ne fa, ba ɗaurin aure ba," ya ce yana dariya, ya kashe.

Hazel ta dubi naman da ya ragu ta ce, "Wannan ɗan birnin, ko karena ya fi shi sanin lokacin abinci."

Daga nan muka kafa doka. Ran Juma'a zan kira kowa ya tabbatar yana zuwa. Wanda bai amsa ba har tsakar ranar Asabar, teburinsa ya zama na wani.

Da kaka ta shigo Crispin ya sake kira. Mahaifiyarsa Edith za ta cika shekara tamanin, kuma abu ɗaya ta roƙa: ta ci abincin rana a babban teburin gefen murhu, inda ita da marigayi mijinta suka saba zama. Mutum goma sha biyu ne. Na karanta masa dokar a tsanake.

"To, to, na ji," ya ce.

Ran Juma'a na kira sau uku, wayar ba ta shiga ba. Na tura saƙo, shiru. Ran Asabar na ƙara masa awa biyu saboda tsohuwar. Daga nan na ba wa wata ƙungiyar masu yawon tsaunuka teburin, domin makonsu biyar suna jiran wuri.

Ƙarfe ɗaya na ranar Lahadi suka iso, jikoki riƙe da furanni, Edith a gaba da sandarta da shuɗiyar hula. Teburin murhu cike yake, takalman masu yawo jere a bakin ƙofa da taɓonsu.

"Ina teburina?" Crispin ya tambaya.

"Na kira ka sau uku, Malam Ashworth."

"Babu wanda ya kira ni!" Ya zaro waya don ya ƙaryata ni. Ya duba, ya sake dubawa, sai fuskarsa ta canza. Tun ranar da na dame shi a kan teburin mutum takwas ya toshe lambarmu, ya kuma manta.

Hazel ta leƙo daga kicin. "Naman mutum goma sha biyu ba daga aljihu nake zaro shi ba, yallaɓai. Na mutum ɗaya ya rage."

Edith kuwa murhun kawai take kallo. Wani dattijo cikin masu yawon ya ji abin da ake ciki, ya tashi ya jawo kujera.

"Zo nan, Mama, gefen wuta. Mu matsa, jama'a, yau muna da mai shekara tamanin."

Crispin ya kama hannunta. "Mama, mu tafi. Na kama wani tebur a ƙauyen gaba, ko da za a samu matsala."

Ta dube shi ta daɗe. "Wato yau ma akwai waɗanda ka bari suna jira?" Ta zare hannunta a hankali. "Maza ka kai yaran can, kada naman mutane ya huce. Ni nan na ce zan ci."

Ta ci kuwa. Baƙin da ba su taɓa ganinta ba suka yi mata waƙa, Hazel ta kafa kyandir a kan kek ɗin tuffa. Ƙarfe huɗu Crispin ya dawo ɗaukarta, ya tsaya a bakin ƙofa cikin takalman mutane har ta gama shayinta.

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, babu ƙaramin alkawari. Bayan kowace kalma da ka bayar akwai wanda ya yi shiri dominka, ko da ba ka ganinsa. In ba za ka zo ba, ka faɗa da wuri. Wanda ya toshe kunnensa don kada a tuna masa laifinsa, ranar da za a kira shi da alheri ma ba zai ji ba.