Dutsen da Ya Yi Ƙaurin Gashi

A wani zamani mai tsawo da ya shuɗe, an yi wani ƙasaitaccen sarki a Birnin Gwauron Tsauni, ana kiransa Barmo, wanda al'adar gidansu ta hana a aurar da 'yar sarki sai manemi ya kawo dutsen da ya faɗo daga sama, an ƙera wa amarya munduwa da ƙarfen cikinsa. 'Yarsa Zabba'u kuwa ta ce in ba Barde Jatau ba, sai dai ta tsufa a gida.

Jatau ya ratsa sahara har ya samo wani baƙin dutse. Da aka sa shi a wutar maƙera, maimakon ƙarfe, sai ya yi gumi, ya marmashe, ƙaurin gashi ya gauraye fada. Fadawa, masu takobi a kugu, suka riƙa taka rigunan juna wajen gudu.

Sarki ya ce, "Wannan ƙaurin mai rai ne! Jatau, wa ka kashe ka ɗaure cikin dutse? Hauni, sare kansa!"

Zabba'u ta zube ta ce, "Ranka ya daɗe, a yi masa jinkiri, a tambayi Sambarka." Ita ce tsohuwar aljanar da ta daɗe tana shawagi tsakanin taurari. Aka turara jawul, sai ga ta.

Sambarka ta shinshina tokar, ta dafe ƙirji. "Kaiconku! Kun ƙona abin da ya girmi ƙasar da kuke takawa. Ragowar ƙurar da Allah Ya halicci rana da duniyoyinta da ita ce. Babu rai cikinsa, amma akwai ruwa da irin kayan da ake gina tsoka da su, kamar gari kafin a tuƙa tuwo."

Sarki ya ce, "Ina shaida?"

Ba ko sallama ta tsige gashi daga gemunsa, ta jefa a garwashi. Ƙaurin nan dai ya sake tashi.

Sambarka ta ce, "Ka ji, ƙaurin ɗaya ne, alhali ba a kashe kowa ba." Sarki ya daɗe riƙe da haɓarsa, tsoro da kunya sun rufe shi, yana duban takobin da ke bisa wuyan Jatau.

"Mayar da shi kube," in ji shi. "Ɗan'uwanmu ya kawo mana baƙo, mu muka sa shi a wuta."

A ranar aka ɗaura aure, amarya ta tare, hannunta babu munduwa.